Kafintan Miches

Sunana Radhamés, ɗan Eusebio kafinta.
A Miches aka binne cibiyata, inda gishiri ke cin ƙusa.
Ubana kwale-kwalen su yake sassaƙawa,
ni ma da shi na buɗe ido.
Sai kifi ya yi ƙaura,
taru ya riƙa dawowa da ciyawar ruwa da robar lemo,
fetur ya fi ƙarfin masunci.
Na koma sassaƙa na ɗaukar mutane.

Cikin kurmi nake aiki, a fadar sauro,
kwana tara: katako, ƙusa, kwalta.
In shafe shi da shuɗi, launin teku,
don ya ɓace wa jirgin sintiri.
Ban taɓa kawowa a raina ba
cewa abin da ya ɓace wa mai kamu
ya ɓace wa mai ceto.

Na mutum arba'in nake yi. Na rantse, arba'in.
Matuƙi ya loda saba'in da uku,
don kowane kai kuɗin gona ne.

Kada ku ce kwaɗayi.
Na ga Nelsido ya sayar da babur ɗinsa na haya,
bashi mai ruwa na karya kumallo da guminsa.
Na ga Amparo, shekara goma a otal ɗin baƙi
tana shimfiɗa zanen gado da ya fi albashinta tsada,
ɗanta na tari, kantin magani bai san kalmar gobe ba.
Guguwa ta aske gonar kokon Bienvenido a dare guda,
gari ya waye yana da fartanya, ba shi da dalili.
Ga kuma benen nan mai jan rufi a bakin titi
da kuɗin Puerto Rico suka gina,
ba shi da baki amma kullum yana kira.
Wanda bai isa ba, ba ya gina komai,
shi ya sa ba a jin tasa shaidar.

Mashigin Mona ba hanya ba ne, maƙogwaro ne.
Wasu sun tsallake.
Suna wanke tsofaffin wasu a Santurce,
suna sauya titi in sun hango motar hukuma,
uwa ta mutu su yi jana'iza ta fuskar waya.
An dawo da Nelsido da ledar kaya ɗaya,
ba babur, bashin kuwa ya yi jikoki.
Unguwarmu ta zama ta kakanni da yara,
ranar Lahadi bencin coci duk giɓi.

Wata Talata na dawo daga kurmi, hannuna duk kwalta.
Na tarar da jikata Yocasta tana barci a kujera,
da takarda ƙarƙashin kofin gahawa,
rubutun 'yata Fiordaliza:
"Baba, ka yafe mini.
Na san aikin hannunka ba ya yoyo."

Wata goma sha huɗu ke nan.
Waya ba ta yi ƙara da muryarta ba.
Ko aikin akwatin gawa ba a kawo mini,
teku ba ya mayar da canji.
Da dare nakan bi ƙusoshin nan ɗaya bayan ɗaya,
ina neman wadda na buga a karkace.

Yocasta ta ce in sassaƙa mata ɗan jirgin wasa.
Na yi mata kujera,
mai ƙafa huɗu, duk a ƙasa.

Jiya wani ya zo da magariba,
ya ajiye kafin alƙalami a kan teburina,
ya ce na sittin yake so, kafin wata ya yi haske.
Ban taɓa kuɗin ba. Ban kuma kore shi ba.
Na dubi gudumata,
na dubi gwangwanin shinkafa, ana hango gindinsa,
yarinya kuma ta tashi, tana murza ido,
tana tambaya me za a ci.